Ɗakin Akawu

"Baba, me kake nema a nan?"

Mai Agogo ya janye hannunsa daga kan kwamfutar kamar wanda ya taɓa garwashi. Auta ce, 'yar marigayi Akawu, tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, idanunta a kumbure. Jiya-jiya aka binne mahaifinta, yau kuma da farar safiya ga maƙwabcinsu zaune a kujerarsa, ya ɗora tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya.

"Ba nema nake ba," ya ce. "Rushewa nake son yi, abin ya ƙi."

"Wa ya ba ka makullin shagon?"

"Wanda ya ba ni kalmar sirrin."

Ta shigo ta tura ƙofa, ba ta zauna ba.

Shekara talatin da ɗoriya Akawu yana buga wa mutanen layin wasiƙa, da fari da tafireta, daga baya da wannan kwamfutar da Auta ta sayo masa lokacin da ta kama aikin jinya a wani gari. Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da na Mai Agogo. Tsabar sabo, Mai Agogo kan gane irin wasiƙar da ake bugawa ta cikin bangon: ta neman aiki gudu take yi, ta neman gafara kuwa sai ta yi taku uku ta tsaya.

In aka kunna kwamfutar, hoto biyu kan fito, kamar ƙofa biyu a gida ɗaya. Ɗaya ta Auta ce, wadda ba a buɗe ba tun ranar da ta haɗa injin. Ɗayar ta Akawu, mai hoton jirgin ruwa. Mai Agogo ya daɗe yana mamakin yadda ɗaki biyu suka shiga cikin akwatin da ko kaza ba za ta juya a ciki ba.

Kwana tara Akawu ya yi a kwance. A rana ta bakwai ya aiki Auta ta ɗumamo masa ruwa, tana fita ya jawo hannun rigar abokinsa.

"Ɗakina na cikin injin nan," ya ce, muryarsa kamar ana murza takarda. "In na tafi ka rushe shi. Kar kowa ya karanta. Ko kai."

Ya raɗa masa kalmar, ya tura masa makulli ta ƙarƙashin bargo. Auta ta dawo da kofi ta tarar sun yi tsit, kowa na kallon silin. Bayan kwana biyu, da hantsi, ya cika, yatsunsa suna ta motsi a kan bargon kamar akwai layin da bai ƙarasa ba.

"Na ga ƙus-ƙus ɗinku ranar nan," in ji Auta yanzu. "Me ke ciki da ba ka son in gani?"

"Ni? Ke dai me kike so a ciki da kika fito tun ba ki karya ba?"

"Gidan ubana ne."

"Amanar ubanki ce."

Ta leƙo fuskar kwamfutar. Ya shiga ɗakin Akawu, ya buɗe wurare sun fi goma, wani kan wani.

"Awa nawa ka yi kana wannan?"

"Na danna duk abin da ya yi kama da gogewa. Har na kashe na kunna, na ɗan jijjiga shi."

"Ka jijjiga? Agogo ka ɗauke shi?" Dariya ta so kuɓuce mata, ta haɗiye. "Ba a goge wannan daga ciki, Baba. Mutum ba ya rushe ɗaki yana zaune a cikinsa. Sai an fita an shiga ta ɓangarena, ni ce mai iko da injin."

Mai Agogo ya jingina da kujerar. Ashe Akawu rabin makulli ya ba shi, rabin yana hannun yarinyar nan. Mantuwa ce ta mara lafiya, ko da gangan ya yi? Mutumin da ya san inda kowane waƙafi ke zama, shi ne zai manta wannan?

"To ki shiga ki goge," ya ce.

"Sai na ga abin da zan goge."

"Asirin layin nan kaf yana ciki, 'yata. Wanda ya roƙi matarsa ta dawo, wadda ta kai ƙarar ɗan cikinta. Gobe za ki haɗu da su a hanya, da wane ido za ki kalle su?"

"Da naka asirin kuma?"

Ya cire tabarau ɗaya ya saka a aljihu.

"Sunaye kawai zan duba," ta ce. "Ba zan buɗe ko ɗaya ba."

Ta ja ɓeran nan na roba, jerin wasiƙun ya fito. Nan suka ga wani abin mamaki: Akawu bai ajiye kowa da sunansa ba. *Mai tari kafin magana. Wadda ke zama a gefen kujera. Mai warin fenti, na ɗaya zuwa na sha huɗu. Wanda ba ya rufe ƙofa.* Mai Agogo ya shagala har leɓensa na motsi, yana ƙoƙarin gane kowa, sai ya tuna wannan ma karatu ne, ya kawar da kai.

"*Mai duba wuyan hannun mutane*," Auta ta karanta a hankali. "Wannan ko makaho ya san shi."

"Ni ne," ya ce. "Wasiƙa ce zuwa ga ƙanena. Mun yi shekara tara ba ma ga-maciji. An buga, na ce a bari sai gobe. Kafin goben aka aiko mini ya rasu. Kin ji abin da nake ɓoyewa. Hankalinki ya kwanta?"

Ta ci gaba da gangarawa har ƙasan jerin, sai hannunta ya tsaya. Ta ƙarshe, ranar da ke jikinta kwana ɗaya ce kafin Akawu ya kwanta: *Mai taka ƙasa da ƙarfi.*

"Haka yake ce mini tun ina rarrafe," ta ce. "Baba, tun da na bar gidan nan, in na kira shi ba ya wuce 'lafiya lau, a yi ta haƙuri'. Ya buga wa duk duniya maganar zuciyarsu. Wannan tawa ce."

"Wataƙila. Matar mai gyaran famfo ma in ta taho sai agogunan bangona sun girgiza. Kuma na ga ta shigo nan a makon."

"Ƙarya kake so ka yi mini?"

"Ban taɓa yi miki ba, ko lokacin da kika haɗiye ƙaramin batirina kika ce kyanwa ce."

Mai Agogo ya dubi sunan, ya dubi ƙeyarta. In tata ce, ya hana marainiya maganar ubanta ta ƙarshe. In ba tata ba ce, ya tona asirin matar mutane kwana ɗaya da rufe mai amanar. Shi kuwa marigayin cewa ya yi kar kowa, bai ware 'yarsa ba. Amma kuma da ita ya bar ƙofar gogewar.

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Na bar shagona a buɗe," ya ce. "Bari in ja ƙofar."

Shagon a rufe yake, ya sani. Ya tsaya a bakin titi yana kallon wata akuya tana cin kwali, ya ƙidaya minti biyar cif a agogonsa, ya ƙara ɗaya. Ya kasa kunne ta bango, amma wata babbar mota ta zo ta tsaya tana gurnani, ba ta tashi ba sai da lokacin ya cika.

Da ya koma, Auta ta riga ta fita daga ɗakin Akawu ta shiga nata. Wata tambaya na jira a fuskar injin.

"Cewa yake, a goge ɗakin a ajiye kayan ciki, ko a haɗa duka?" Muryarta ba ta nuna komai ba. Idanun ma dama a kumbure suke.

"Duka."

"To kai aka ba. Danna nan."

Ta ɗora yatsansa a kan ɓeran. Ya danna. Ya zaci zai ji ƙara, ko injin ya yi nishi, amma wani ɗan zobe ne kawai ya yi ta juyawa, ya ɓace.

"Allah ya jiƙansa," ta ce.

"Amin, 'yata."

Ta shige cikin gida, hannunta ɗaya a cikin mayafi. Mai Agogo ya jima a tsaye. Can ya matsa wajen firintar da ke gefen tebur, ya ɗora tafinsa a kanta kamar mai neman abin dafawa. Da ɗumi, kamar wadda ta gama buga takarda yanzu. Amma ranar hantsi ta shigo ta taga, ta kwanta daidai kan murfinta. Ya bar hannun a wurin, hasken na hawa bayan yatsunsa.