Keken Zuwa Gona

Ba'ana ya ɗaga ƙafar keken ta baya, ya murza feda da hannu, ya kasa kunne. Sarƙar ta yi ƙara ta tsallake haƙori ɗaya. Ya ajiye shi.

"Kawo wani."

Ajimi mai gyaran keke ya share hannu a wando. "Baba, na biyar ke nan fa. Keke kake nema ko surukar gida?"

Ba'ana bai yi dariya ba. Tun da aka hana hawa babur a gari, kekunan gwanjo masu giya da faɗin taya suka yi daraja a Gomari, don su ne ke iya yashin hanyar gona. Walid, ɗansa da ya rage, ya ce jibi zai fita ya duba wake, ko da keke ko da ƙafa. Kuɗin aljihun Ba'ana kuwa na tunkiya ɗaya ce da Hajja, matarsa, ta sayar.

Ajimi ya gunguro wani baƙi, fentinsa duk ya koɗe. "Wannan ba kyan gani, amma ƙarfe ne. Ba walda ko ɗaya, shafa ka ji. Sarƙa da giyar baya sababbi na sa. Sai dai ya fi waɗancan tsada."

Bara a wannan rumfar Ba'ana ya zaɓa wa babban ɗansa Yunus keke. Ajimi ya ce a canja sarƙa, ta cinye. Ba'ana ya ce shekara arba'in yana hawan keke, ba wanda zai koya masa, ya ɗiga mata baƙin mai ya ce ta yi. Ranar da yaran daji masu bindiga suka faɗo wa manoma, waɗanda suka tsira sun ce sun waiwayo sun ga Yunus a tsugune cikin yashi yana mayar da sarƙa. Hajja ba ta san zancen sarƙar ba. Ajimi ya sani, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Ba'ana ya naɗe babbar riga ya hau baƙin keken. Ya bar kwalta ya faɗa layin da yashi ya fi zurfi, ya miƙe tsaye a kan feda, ya canja giya ana cikin nauyi, kamar mai son ya karya ta. Ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake komawa. Mata masu tuyar ƙosai suka bar kasko suna kallon tsoho yana haki. Sarƙar ba ta faɗi ba.

Ya sauka. Ya miƙa duk abin da ke aljihunsa, bai nemi ragi ba.

"Allah ya sa albarka," in ji Ajimi. Ya ɗauko sifana. "Walid dogo ne, bari in ɗaga masa sirdi."

"Sauke shi."

"Baba, ai gwiwarsa za ta riƙa bugun kan keken."

"Na ce sauke shi. Daidai ƙafata."

Ajimi ya dube shi, sifana a hannu. "Walid ya sani?"

"Gonar tawa ce ko tasa?"

Ajimi ya sunkuyar da kai ya kwance noti.