Jakin Gangar Jimrau

"Ka shaƙe ta," in ji Jimrau. "Buzu, ka shaƙe mini ganga."

Agali maƙeri yana durƙushe a tsakar gidan maƙwabcinsa, gumi na bin gemunsa. Kwana huɗu ya yi yana ƙera abin nan: ƙafafu uku na ƙarfe, sanda a tsakiya, a samanta zobe mai faɗi da ya rungume gangar ya riƙe ta gam. Ko guguwa ba za ta motsa ta ba, kuma da wannan yake ta taƙama tun safe.

"Sake bugawa, Baba. Hannunka ne yay yi sanyi."

Jimrau ya ɗaga gula, sandar kiɗansa mai lanƙwasa, ya sauke ta a kan fata. Abin da ya fito kamar an doki buhun gero ne. Hanatu, matar Jimrau, tana tsinkar tafasa a inuwa, dariya ta ƙwace mata har ta rufe baki da gefen zane. Agali ya ji kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

Ga abin da ya kawo su nan. Saura kwana shida gayyar Kimba, Sarkin Noma, wadda duk Dakoro da ƙauyukanta ke fitowa domin ta, kuma shekara arba'in da ɗoriya gangar Jimrau ce ke jan manoma daga farkon gona zuwa ƙarshenta. Bana kafaɗarsa ta hagu ta mutu tun bazara, ko buta ba ta ɗauka. Wasu makaɗan a ƙasa suke girke gangarsu su zauna abinsu, amma gidan su Jimrau tun kaka da kakanni gangarsu ba ta taɓa ƙasa, a rataye ake kaɗa ta, a rataye take kwana. Ba ya kuma yarda a kaɗa ta a jikin wani. Ɗansa Sa'adu da zai karɓe shi, Nasara sun ɗebe shi soja shekara uku ke nan. Kimba kuwa ya riga ya faɗa a kasuwa cewa zai aika garin Mai Yara a kawo masa makaɗi mai sauran jini a jika. Ranar da maganar ta iso, tsohon bai ci tuwo ba.

Agali bai iya kallon irin wannan. Ya taɓa ganin wani Banasare mai awon hanya a bakin bariki da wani abu mai ƙafa uku da ake ja ya yi tsawo, a tura ya gajarce. Ido ya ɗauka, hannu ya riƙe. Ya je ya roƙi gardi ƙarafan wata kamyo, babbar motar kaya, da ta mutu a hanyar Maraɗi, ya samo bututu da sanda mai shiga cikinsa, ya huda ramuka, ya ƙera ƙusa mai tsaida sandar inda ake so. Shi dai bai taɓa shakkar hannunsa ba, to ga shi yau ganga ta ƙi shi a gaban mace.

Da ya kai ƙarfen gida, matarsa Lalla, wadda ɗinkin fata ne aikinta, ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da ɗinkinta.

"Kai ƙarhe kaɗai ka sani," ta ce. "Wa yac ce maka a damƙe abu mai ciki? Goya ta za ka yi."

Agali ya yi tsaki don kada a ce ya ji maganar mace da wuri, sannan ya hura wuta. Ya sare zoben ya yar, ya ƙera gwafa mai hannu biyu buɗaɗɗu. Lalla ta ɗinka majanyi na fatar raƙumi, aka ɗaura tsakanin hannuwan. Kashegari da hantsi suka kwantar da gangar a ciki tana lilo kaɗan, ba abin da ya taɓa ta sai fata.

Bugu ɗaya Jimrau ya yi, awakin maƙwabta suka zabura. Murya ce mai kauri, mai shiga ciki kafin kunne. Tsohon ya rufe ido yana murmushi.

"To, yanzu ta samu jaki," ya ce. Sunan ya bi ƙarfen tun daga nan.

Amma murnar ba ta daɗe ba. Jimrau na tsaye ne, Hanatu na tallafe da shi, kuma sai ya miƙa hannu sama kafin gula ta kai. Bai yi bugu ashirin ba sai da aka zaunar da shi a kan turmi. Daga zaune, gangar ta yi masa nisa kamar ɗan dabino.

"Sauke ta," ya ce.

Agali ya zare ƙusa ya sauke sandar zuwa ramin ƙarshe. Har yanzu tana sama da kan tsohon. Sai a lokacin ya gane kuskurensa: bai auna Jimrau ba. Ina ma zai auna mutumin da ya shekara ashirin yana ganin kansa da kafaɗunsa sun ɗara darnin da ke tsakaninsu? Ramuka uku ya huda, duka a tsayin wancan ƙaton. Bai lura ba cewa an yi watanni kan bai leƙo darni ba.

"Huda mata ƙasa, ka rage bututun."

"Baba, ka ci abinci kwana biyu, ka miƙe. Ba sai an taɓa ta ba."

"Agali," in ji Jimrau, kuma ba kasafai yake kiran sunansa ba. "Ni da za ni zamna ban ji kunya ba. Kai mi yas same ka?"

Agali ya saɓa jakin ya fita. A maƙera ya datse bututun, ya huda ramuka huɗu, kowanne ƙasa da ɗan'uwansa. Bai taɓa yin aikin da ya ƙi jini kamar wannan ba, kuma bai taɓa yin huda mai kyansa ba. Na huɗun ma bai yi niyya ba, hannunsa ne ya san gaskiya ya huda.

Ana jibi gayya, Kimba da kansa ya zo bayan la'asar, ƙato baƙi mai tafin hannu kamar faifai. Ya gaida tsohon da ladabi, ya zagaya jakin yana shafa gemu.

"Baba Jimrau, ba raini ba ne. Mutum ɗari za su shiga gonag ga. In ganga ta mutu tsakar gona, hannuwa sun mutu, ni ad da kunya. Ka huta bana."

Jimrau ya jawo gangar ta jingina da haƙarƙarinsa, ya taɓa ta a hankali, ya ce cikin dusasshiyar murya: "Na Abarci, mai kwana da hauya, wanda rana ta gaji ta bar shi gona." Kirarin mahaifin Kimba ne, wanda ya rasu tun Kimba na saurayi. Babban yatsan ƙafar Sarkin Noma ya soma motsi cikin rairayi ba da saninsa ba.

"Na Mai Yara ya san wanga?" in ji Jimrau.

Kimba ya share ido da bayan hannu, ya juya ga maƙerin. "Ƙarhen naka shi riƙe?"

"Ko raƙumi ka aza mashi," in ji Agali.

"Shi hwa?" in ji Kimba, yana duban tsohon.

"Sai kun taɓa gawon iyaka," in ji Jimrau. "Ka tahi ka jiƙa hura."

Ranar gayya an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa. A kan takarkari aka kai Jimrau, Agali na biye da jaki a kafaɗa, ganga a goye a bayansa. Ya kafa ƙafafun uku a gindin aduwa ya danna su cikin rairayi, ya sa ƙusa a rami na biyu daga sababbin. Manoma suka jeru kafaɗa da kafaɗa da dogayen hauyoyinsu na turawa, layin ya miƙe har ba a gane fuskar na ƙarshe. Can ƙetaren gonar gawon iyaka ya tsaya shi kaɗai.

Jimrau ya yi bisimilla ya buga.

Wanda bai ga gayyar nan ba sai dai a ba shi labari. Tsohon ya kira kowa da sunan ubansa da na kakansa, ya zuga rago har ya ji haushi, ya zolayi gwani har ya ƙara wuta. Hauyoyi ɗari suka zama hannu ɗaya. Agali, da bai taɓa noma ya kai azahar ba, sai da ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi.

Da rana ta ɗaga, gadon bayan tsohon ya ranƙwafa. Bai daina kiɗa ba, ya dai kalli maƙerin, Agali ya tallafi gangar da gwiwa ya sauke ƙusa rami ɗaya tsakanin bugu da bugu. Manoma suka wuce rabin gona, suka ɗauki waƙar da kansu. Muryar Jimrau ta ƙare, saura gula. Ya sake kallonsa. Agali ya sauke zuwa na huɗu. Yanzu tsohon ya kwantar da ƙirjinsa a kan gangar, kuncinsa a jikin icenta, gula na tashi kaɗan tana sauka daidai inda ya kamata.

Agali na kallon bayan manoma ne yana ƙiyasta abin da ya rage, sai ya ji shiru a gefensa. Gula tana hannun Jimrau, kanta a kan fata. Idonsa a rufe. Jakin ya ɗauki nauyin su biyun bai ko karkace ba. Agali ya sa tafin hannu a bayansa ya jira, ya ƙara jira, sannan ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Hanatu ta iso da ƙwaryar fura a kai. Ta dubi mijinta, ta dubi Agali, bakinta ya buɗe.

"Inna," ya ce, "saura kaɗan su kai."

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a rairayi kusa da tsohon, ta gyara masa hula. Can gaba babu wanda ya waiwayo. Mutum ɗari sun ba su baya, suna waƙa, suna tura hauya tare suna ja tare, ƙafa na faɗuwa kan bugun da ba a yi ba, har inuwar gawon ta rufe kan na gaba.