Keken Nababa a Rumfar Torkula

Tun da jiri ya kayar da Nababa a ƙofar masallaci, iyalinsa suka raba shi da sitiyari. Mutum ne da ya tsufa yana jan babbar mota, yana kwasar doya daga Lafia zuwa Kudu, sai ga shi zaune a kan benci yana kallon masu wucewa. Da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai ya samu abin kamawa. Ya matsa wa ɗansa Muhyiddin, wanda ke aiki a Abuja, har ya aiko masa da keke a cikin kwali, irin na hawa dutse, mai kaurin taya da giya. Burinsa ya riƙa zuwa gonarsa ta hanyar Assakio ba tare da ya roƙi kowa ya kai shi ba.

Bai yi shawara da kowa ba ya kai kwalin rumfar Torkula mai gyaran keke. Abokinsa ne tun suna samari a tasha. Torkula ya fito da ƙarafan, ya sa Nababa ya miƙe ya auna tsawon ƙafarsa don saita sirdi.

"Alhaji, wannan ba irin keken da ba ne," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Sai an ɗaure kai da kyau, an duba birki gaba da baya, an sa iska daidai. In noti ɗaya ya kwance a gangara, mutum ya tafi."

"Shi ya sa na kawo maka," Nababa ya ce.

Da ya koma, Torkula ya ce birkin baya yana goga. Da ya sake komawa, aka ce sarƙa tana tsallake. Daga baya kuma wai akwai wani ƙaramin ƙarfe da babu shi a kwalin, sai an nemo daga Makurɗi. Nababa bai taɓa zargin komai ba. Har yabonsa yake yi a gida, yana gaya wa matarsa Iyatu cewa irin su Torkula sun ƙare, mutumin da ba zai ba ka abu ba sai ya tabbatar da lafiyarsa. Ita kuwa sai ta ce, "Haka ne, Alhaji," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Damina ta kankama, masu aiki suka yi shuka ba ya nan.

Wata ranar kasuwa ya biya rumfar bai tarar da Torkula ba. Dooshima, mai sayar da lemo a gefen rumfar, ta gaishe shi, ta tambaye shi yaushe zai ɗauki kekensa.

"Sai ƙarfen nan ya iso."

"Wane ƙarfe? Ai tun satin farko aka gama. Oga Torkula ya hau ya zaga har shataletale, ya dawo yana cewa bai taɓa hawa mai daɗinsa ba."

Nababa ya shiga bayan rumfar ya yaye buhunan da aka lulluɓe keken da su. Ga shi nan a haɗe tsaf. Ya matsa birki, ya kama gam. Ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda, sarƙa ta zagaya sumul. Yana nan tsaye Torkula ya shigo, ya tsaya cak.

"Torkula, me na yi maka?"

"Alhaji, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Me na yi maka?"

Torkula ya goge hannunsa da tsumma, ko da yake babu komai a hannun. "Madam ɗinka ne ya zo nan yana kuka. Ya ce in ka faɗi a titi, alhakin yana wuyana. Ni ma na ji tsoro."

"Da ka ce min ba za ka haɗa ba, da na yi fushi na huce. Amma kullum in zo, ka kalli idona ka shirya min ƙarya, in tafi ina sa maka albarka?"



Nababa ya ciro waya ya kira Muhyiddin, don ya samu ko mutum ɗaya da zai kai wa ƙara. Bai gama bayani ba yaron ya tari numfashinsa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ni na ce wa Mama a ja lokaci, ko za ku haƙura da kanku."

Nababa ya kashe wayar. Ashe duk wannan jekala-jekala da yake yi, su uku suna sane, suna lallaɓa shi kamar yaron da ake ɓoye wa wuƙa.

Ya karɓi sufana ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya da kansa, don ya daina yarda da bakin kowa. Duk a ɗaure suke. Aikin Torkula ba shi da makusa, kuma wannan ya ƙara masa ɗacin rai. Ya kifa hular kwanon da ta zo a kwalin, ya tura keken zuwa titi.

Washegari da hantsi ya nufi gona. Iyatu ta biyo shi har ƙofar gida tana cewa, "Alhaji, don Allah," bai waiwaya ba. Ya sauka ya huta a ƙarƙashin wani mangwaro, ƙirjinsa na bugawa, sannan ya ƙarasa. Ya tarar ciyawa ta cinye gefen gyaɗa, ya yi wa masu aikin faɗa son ransa.

Ya ci gaba da zuwa, wani lokaci da ƙyar. Iyatu ta ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma ya daina ba ta labarin inda ya je da wanda ya gani. Torkula ya zo gida sau da dama, Nababa yakan fito su gaisa a tsaye. Ranar da tayar gaba ta yi faci, sai ya tura keken ya wuce ta gaban rumfar Torkula, ya kai wa wani baƙon mai gyara a bakin tasha.