Magulmaciya a Ɗakin Warda

Dinari dubu tara nake bin Warda, ƙanwar mijina marigayi, yau wata huɗu ke nan da kwana shida. Kuɗin wata 'yar farar na'ura ce mai faɗin murfin tukunya ƙarama, wadda ake maƙalawa a silin ta riƙa sansanar hayaƙi. Ni ban taɓa zama a aji ba, lambobin waya ma ban san kansu ba, amma abin da ya bar hannuna da sunan ciniki yana nan daram a kaina.

Ɗana Rabah, wanda ke aiki a Faransa, shi ya kawo fitinar. Ya zo mana garinmu Satif farkon sanyi, ya tarar ina gasa tattasai a kaskon gawayi a tsakar falo, hitar gas ta ɗumama ɗaki tana ci a gefe, tagogi a rufe. Ko jakarsa bai ajiye ba ya hau kujera, ya zaro tsumman da na cusa a kafar iska ta saman bango.

"Inna, wannan kafar don ki sha iska aka yi ta."

"Don in sha sanyi dai. Mayar mini da tsummana."

"Duk shekara ana kwasar mutane daga ɗakunansu saboda wannan. Ki tattara kawai ki koma Aljir, babban birni, wurin Nasira."

Nasira 'yata ce, ba ni da ƙorafi a kanta. Amma tana hawa na tara a wani dogon bene, kuma mijinta yana ƙirga cokalin sukarin da baƙo ya zuba. A gidan nan aka kawo ni ina amarya, a nan na wanke yara biyar, daga nan aka fita da ubansu. Na ce masa sai dai in a makara. Muka ja, muka ja, har ya kawo sulhu: zan zauna, amma zai sa na'urar da za ta riƙa gaya masa halin da nake ciki. In ta yi ƙara sau uku, ba sauran magana, sai Aljir.

Washegari ya ja ni shagon Buzid mai kayan lantarki. Buzid ya jera mana iri uku a kan kanta.

"Wannan dubu biyu da ɗari biyar, Hajiya. Hayaƙi kawai take ji, ta yi ihu."

"Ita nake so. Naɗe ta."

"Wannan kuma tana jin muguwar iskar nan da hita ke fitarwa, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji barci, ya kwanta, shi ke nan."

"Abin da ba a gani ba a ji, yaya aka yi ita ta ji? Aljana ce?"

"Ta uku fa?" in ji Rabah, kamar ban yi magana ba.

"Ta uku duka biyun take ji, sannan ta kira wayarka ko kana bangon duniya. Dubu goma sha biyu."

"Buzid," na ce, "uwarka ta ci bashin garin alkama mudu uku a hannuna shekarar da aka haife ka. Ka yi mini kara, ka rage mana."

Bai rage ko sisi ba, ɗan yau. Rabah ya biya ta ukun.

Ni da na ga tsadarta, na ce a sa ta a kabad tare da kofunan baƙi. Rabah ya ce a'a. Na ce to a sa, in saƙa mata 'yar riga kamar ta talabijin, kada ƙura ta ɓata ta. Ya ce in na rufe ta kamar na toshe mata hanci ne. Ya ƙi kicin, wai tururin tukunya zai riƙa ruɗa ta. Ya ƙi bakin taga, wai iska za ta kore abin da ya kamata ta ji. Ya yi ta yawo da tsani a kafaɗa kamar mai neman inda zai haƙa rijiya, daga ƙarshe ya kafa ta a silin ɗin lungun da ke tsakanin falo da ɗakin kwanana. Ya haɗa ta da intanet ɗin gidan, ya danna cibiyarta. Ta ƙwala wani ihu da ya sa kyanwar maƙwabta ta faɗo daga katanga, wayar aljihunsa ita ma ta ɗauka.

"Kin gani? Duk abin da ta ji, na ji."

"To, ka kawo mini magulmaciya."

Kwana huɗu da tafiyarsa na gasa tattasai. Ban ma juya na biyu ba ta fara, kafin in lalubo sanda waya ta yi ƙara.

"Inna, ɗaya."

Ranar Juma'a na sa turaren wuta, kamar yadda nake yi tun kafin a yi mafarkin haihuwarsa.

"Inna, biyu."

"Turare ne, ɗan nan. Mala'iku ma suna so."

"Biyu, Inna."

Na zauna na yi tunani. In na cire mata batir, wayarsa za ta gaya masa. Ya faɗa mini haka da bakinsa. In na bar ta, kafin wata Juma'a ina hawa na tara ana ƙirga mini sukari. Abin da nake bukata shi ne wurin da za ta zauna da ranta, tana jin intanet ɗina, amma ba za ta taɓa jin hayaƙi ba.

Sai na tuna da Warda.

Warda tana ƙasa, ni ina sama, gidan ubansu ne ita da mijina. Tun rasuwar mijinta ban ga hayaƙi ya fito daga kicin ɗinta ba. Da safe gurasa da zaitun, da rana ta shiga gidan da ta ji ƙamshi, da yamma ta hau wurina "gaisuwa" daidai lokacin sauke tukunya. Intanet ɗina ma take sha kyauta, tana kallon jikokinta. Babu inda ya fi ɗakinta aminci ga wannan na'ura a duk faɗin Satif.

Na hau tebur da bismillah, na murɗa na'urar, ta fito. Na naɗe ta a mayafi na sauka.

"Me kika ɓoyo, matar Yaya? In abinci ne ajiye a nan."

"Abin da masu kuɗi ke sawa ne yanzu. Tana gadin rai. Dubu goma sha biyu Rabah ya biya, amma ke ta gida ce, kawo tara."

"Tara? Raina bai kai haka ba."

"Na sani. Na'urar ce ta kai."

Kada wani ya ce na yi zalunci. Da na ba ta kyauta, da ta yi zargi, kafin magariba ta buga wa Rabah. Warda ba ta yarda da kyauta, amma tana son bashi kamar yadda akuya ke son gishiri. Ta ce za ta biya in kuɗin fansho ya shigo. Muka rataye ta a ƙusar da ke saman hoton mijinta.

Wata biyu na sha daɗi. Na gasa tattasai, na gasa hanta, na turara ɗaki har ba na ganin ƙofa. Rabah ya bugo yana yabona, wai ya ga na gyara hali, ko tari na'urar ba ta yi ba. Na ce ai girma ya zo. Fansho kuwa ya shigo sau biyu, kuma sau biyu Warda tana ce mini gyaran haƙori ya cinye.

Ranar da abin ya faru, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Bayan la'asar ina zaune gaban kasko, rediyo yana ta karatu, sai waya.

"Inna, fita waje yanzu. Kada ki ɗauki komai."

"Sannu dai. Haka ake gaisuwa a Faransa?"

"Ba hayaƙi ba ne wannan karon, iskar nan ce, kuma tana hawa. Buɗe taga ki fita. Kanki yana ciwo? Ba kya jin ƙarar?"

Na ɗaga kai na dubi silin, inda babu komai sai gindin roba da ƙusoshi biyu. Na kashe rediyo. Can ƙasa, ta cikin daɓe, na jiyo na'urar tana ihu, babu wanda ya tashi ya yi mata tsawa.

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafi. In na ce masa na fita, ya kwantar da hankali, sai in sauka in duba ta a ɓoye, gidana ya tsira. Amma Warda ta ninka ni biyu, ba zan iya ɗaga ko ƙafarta ɗaya ba. Ga shi ban iya kiran kowa a wayar nan ba sai shi, don hotonsa nake dannawa. Lissafin bai ɗau lokacin haɗiye yawu ba.

"Rabah, ba a nan take ba. Tana ɗakin gwaggonka."

Kafin ya buɗe baki na tare shi.

"Ka yi faɗan daga baya. Kira 'yan kwana-kwana, ka ce ƙofar ƙasa. Ka kira Buzid ma, shagonsa ya fi kusa."

Na ɗauki makullinta na ajiya na sauka, gwiwoyin da suka shekara goma suna ƙin matakala ranar ba su ce komai ba. Na ja numfashi a waje kamar yadda yake ta faɗa a waya, na buɗe. Ɗakin ɗumi kamar tanda. Ashe sanyi ya ci ƙarfin rowarta, ta kunna tsohuwar hitar da ba a duba ba tun mijinta yana da rai, ta manne kafar iska da kwali, ta bi ƙasan ƙofa da tsumma. Tana kishingiɗe a kujera, baki a buɗe, carbi a cinya.

Na bankaɗe tagogi biyu, na kashe hitar, na kama ta ina jijjigawa.

"Tashi, Warda. Ba za ki tafi mini da dubu tara ba."

Ta buɗe ido ɗaya. "Kashe abin nan," ta ce da kyar, "ya hana ni barci."

Buzid ya shigo a guje da wani mai shagon nama, suka ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya suka dire a tsakar titi cikin ƙanƙara. Motar asibiti ta zo, aka ɗaura mata abin shaƙar iska. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da sai dai mu dafa kuskus ɗin zaman makoki.

Kwana biyu ta yi a asibiti. Ranar sallama Rabah ya sa aka jingina waya da kwalbar ruwa don ya gan mu mu biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗi komai, har farashin.

"Kin sayar wa Gwaggo da na'urata."

"Da ragi."

"Inna, wata biyu kina ƙona gawayi a rufaffen ɗaki babu mai gadinki. Da ke ce a kujerar nan fa?"

Na kama gyara zaman wayar a jikin kwalbar.

"Wannan shi ne na uku," ya ce.

"Ba a ɗakina ta yi ba. Sharaɗi sharaɗi ne."

Ya dafe goshi kamar ubansa. Sannan ya yanke: daga yau babu wadda za ta zauna ita kaɗai. Ko dai Warda ta hau sama mu zauna tare, ko ni in tafi Aljir ita ta tafi wurin ɗanta. Gawayi a baranda kawai. Mai gyara zai duba hita duk farkon sanyi, kafar iska kuma duk wadda ta taɓa, ita ta sani.

Na dubi Warda, tana cinye lemun da na kawo wa kaina. Na tuna hawa na tara. Na ce ta hau.

Buzid ya zo ya kafa guda biyu, ɗaya a lungu, ɗaya a ɗakin da muke kwana, ya ɗaure su da irin ƙusar da sai da makullinsa ake kwancewa. Yanzu a baranda nake gasa tattasai, ina rawar ɗari cikin bargo, Warda tana leƙowa ta gilashi tana nuna mini wanda ya ƙone.

Jiya fansho ya sake shigowa. Na bari ta gama cin abincina, ta suɗe hannu, sannan na tayar da maganar.

"Ina da su," ta ce. "Suna cikin matashina, dubu tara cif. Amma ba zan ba ki ba."

"Saboda me?"

"Na ji abin da kika ce ranar nan, kina tsammanin na suma. Muddin kina bina, matar Yaya, ba za ki bar ni in mutu ba. In na biya, wa zai sauko da gudu?"

Na ce mata wannan ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ta ce to in kai ta. Sannan ta miƙo kofi, wai in ƙara mata gahawa, da sukari cokali uku.