Mutum Nawa Ke Kwana a Gidan Nan?

Farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Kafin a kashe inji, Inna ta riga ta kora yara cikin busasshen rafi. "Ku ɓace! Wanda ya yi tari, ni da shi."

Inna tana 'yar shekara shida aka zo da irin motar nan aka ɗauke yayarta. Matar da ta ɗauke ta ma da takarda ta zo, da fara'arta. Har yau shiru.

Ita wannan da ta fito daga motar yau, Meredith sunanta, wai daga jami'a, tana binciken abin da ke sa ciwon zuciya yake cin yaranmu. Ta murɗa famfo, ko ɗigo. Ta leƙa banɗaki, ta ja da baya. Sannan ta buɗe takarda.

"Mama, mutum nawa ke kwana a gidan nan?"

Mu goma sha tara ne. Tun da kawuna ya rasu iyalinsa suka bar gidan da aka yi mutuwar, kamar yadda ake yi, suka dawo wurinmu. 'Yata Shanelle, wadda ake yi wa allurar zuciya duk wata, katifa ɗaya take kwana da yara huɗu, ƙuraje na yawo a tsakaninsu.

"Biyar," in ji Inna.

Meredith ta dubi katifun da ke jingine da bango, ta dube ni. "Loretta, ba wanda zai ga sunanku. So muke a ƙara muku ɗakuna."

"Waccan da ta ɗauke yayata ma makaranta ta ce za ta kai ta," Inna ta faɗa mini da yarenmu.

Na so in yi magana, Allah ya sani. Amma wa ya san inda takarda ke kwana? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

"Biyar ne," na ce.

Shekara na zagayowa manyan motoci suka shigo da bulo. Duk gidan da ya haura mutum goma ya samu ɗaki biyu da wurin wanka. Namu suka wuce shi. A makon nan likita ta ce zuciyar Shanelle ta ƙara lalacewa, sai an yi mata aiki a can birnin Adelaide.

Raina ya ɓaci, na kasa riƙe baki. "Ga biyar ɗinki nan, Inna! Kin gani?"

"Ai ba su ɗauki ko ɗaya ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ran Talata farar mota ta zo kai Shanelle filin jirgi. Inna ta zabura, ta buɗe baki za ta kora yara rafi. Sai ta ga jakar yarinyar a hannuna.