Gidan da Maiturare Ta Ce Lafiya Lau

Shekarar da baƙon dauro ya shigo Gummi, da bazara, Halilu malamin lafiya ke zagaya unguwa duk Laraba da littafinai, yana rubuta gidan da ke da mai ciwo. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, don haka daga zaure yake tambaya.

Inna Maiturare ta amsa mai ta bayan zana: "Lafiya lau muke."

Alhali jikanta Nuraddeen na kwance ƙuryar ɗaki, ido ja, jiki duk ƙuraje. Tun tana yarinya ta ji ana cewa in allura ta taɓa mai baƙon dauro, sai gawa. Shi ya sa ta ɓoye shi. Halilu ya ja layi ya wuce. Da anka duba littafi anka ga unguwar ba mai ciwo, motar rigakafi ta nufi Bukkuyum.

Nuraddeen ya tashi. Rufaida ɗiyar Amariya maƙwabciya, wadda ke shigowa kai mai kunu, ita ba ta tashi ba. Yara shida sunka bi ta.

Amariya ba ta taɓa ce ma Maiturare uffan ba. Har tuwo take aiko mata, tuwon kuwa ba ya wuce maƙoshin Maiturare.

Bayan sadakar bakwai Maiturare ta yafa zane ta tafi ofishin Halilu.

"Kai Halilu! Buɗe littafin ga ka gyara. Ƙarya ce ciki."

"Inna, abin da kika faɗa na rubuta."

"Ni na yi ƙaryar, Allah na gani. Amma kai wane irin malami ne? Gwamnati ta ba ka babur don ka tambayi zana? Ba ku da mace guda da za ta ɗaga labule?"

"Ba a ba mu ba, Inna."

"To ga ni. Rubuta Nuraddeen farko, ka sa ranar gaskiya. Ka sa Rufaida."

Ya rubuta, kai duƙe.

Ran Laraba, Maiturare na gaba Halilu na biye. Shi ya tsaya zaure, ita ta shige. Gidan farko na Amariya ne.

"Amariya, akwai mai ciwo?"

Amariya ta dube ta. Sannan ta ɗaga labule da kanta. Ƙanen Rufaida na kwance, ido ja.

Maiturare ta juya wajen zaure.

"Halilu! Rubuta ɗaya. Ka aika a kawo motar."