Sarki Jatau a Bangon Zaure

Maliki mai fenti ba ya musu da mai aiki. Ko rumfar shayi ka ce ya rubuta mata "Babban Otal", zai rubuta har da ado. Shi ya sa ƙungiyar 'yan Tsaunin Baure mazauna Kaduna ta ɗauko shi daga Rafin Guza, ya jera sunayen sarakunan garinsu a bangon sabon zaurenta. Ga shi ɗan gida, ga shi ba surutu.

Takardar da shugaban ƙungiyar, Alhaji Ahmadu, ya miƙa masa sunaye goma sha huɗu ne a ciki. Maliki ya karanta sau biyu, ransa ya ɓaci. Goma sha biyar kakarsa Hansai take rera masa tun yana goye. Na tara shi ne Jatau, wanda Turawa suka tuɓe don ya hana su kwashe samarin garin zuwa aikin tilas na hanyar jirgin ƙasa. Maliki ya tsoma buroshi, ya rubuta goma sha biyar.

Da la'asar Alhaji ya iso daga Unguwar Rimi, babbar riga sai ƙamshi take. Ya bi bangon da ido, ya cije a na tara.

"Kai Maliki, wa ya aike ka?"

"Ranka ya daɗe, an manta da Sarki Jatau ne."

"Ba mantuwa ba ce. Shekara talatin na yi a ofis, babu shi a kundin gwamnati."

"Wace gwamnatin, Alhaji? Wadda ta tuɓe shi?"

"Goge!"

"Wallahi hannun nan ba zai goge shi ba."

Aka kore shi nan take, wani ya zo ya shafe layin da farin fenti. Maliki ya koma gida da baƙin ciki, ko tuwo bai taɓa ba.

Ranar buɗe zaure ya zo duk da ba a gayyace shi ba, ya raɓe a bakin ƙofa. Al'adar garin ce in an ambaci sarki a buga tambari sau ɗaya, don haka fada ta turo tsohon makaɗinta, wanda bai san ko bihim a boko ba. Sakatare yana karantawa daga bango, tambari yana amsawa, har na takwas. Sai ya tsallake farin layin, ya kira na goma.

Tambari bai amsa ba. Tsohon ya ɗaga gular kiɗan, ya ƙi saukewa. Sakatare ya maimaita da ƙarfi, wai ko kunne ne.

"Ba shi ke biye ba," in ji tsohon.

Alhaji Ahmadu ya hau gyaran hula. Maliki ya tako cikin zauren, ya ɗaga murya.

"Jatau!"

Gula ta sauka, har gilasan tagogi suka kaɗa.